Maɓallin Ninki

Shagon atamfa ne a Kantin Kwari. Bakano ya aiki yaronsa siyo abinci, ya zauna shi kaɗai yana fama da laftof. Bafulatani na kan benci tun safe, ya zo roƙon a ɗaga masa ƙafa kan bashin turmi shida. Sai ga Bazazzage rungume da tasa kwamfutar mai tambarin tuffa.

Bazazzage: Alhaji, lafiya kake ta jan linzami kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa?

Bakano: Fayil ɗin masu bashi nake son sauya wa suna. Yaron nan ya sa masa wai "Sabo 7".

Bazazzage: Wannan ai wasan yara ne. Zaɓe shi ka danna Enter.

Bakano: Na danna. Buɗewa ya yi.

Bazazzage: A nawa kuwa Enter suna yake canzawa. Kwamfutan ka ne bai da tarbiyya.

Bakano: Yo an ce mata shiga, ta shiga, ina rashin tarbiyya? Taka ce mai taurin kai, a ce mata shiga ta tsaya raɗin suna a bakin ƙofa.

Bafulatani: In suna za a yi, ina da rago na siyarwa.

Bakano: Kai dai biya ni kuɗina. Tsaya, na tuna, yaro ya ce F2 ake dannawa. (Ya danna. Allo ya dushe. Ya ƙara dannawa sau biyar.) Innalillahi! Sun ɗauke wuta!

Bafulatani: Aradu fanka na juyawa, Alhaji.

Bazazzage: Bar maganan suna. Kana da kwafin wannan fayil kuwa?

Bakano: Kwafi kuma?

Bazazzage: Mu a namu, ka riƙe Command ka danna D, abu ɗaya ya zama biyu nan take. Ku ba ku da Command, sai ka riƙe Ctrl. Duk jirgi ɗaya ne.

Bakano: Ɗaya ya zama biyu? Kuma ba a biyan ko sisi?

Bazazzage: Ko anini.

Bakano: To me zai sa na ninka ɗaya kawai? Yaya ake zaɓar duka?

Bazazzage: Ctrl da A.

Bakano: Bismillahi. (Ya zaɓi duka, ya danna Ctrl da D. Folda ta koma fayau kamar filin idi bayan sallah.) Malam, ina ninkin?

Bazazzage: Ka ɗan jira. Wataƙila yana ƙirgawa ne.

Bakano: Ƙirga me? Lissafin shekara uku! Rasit, masu bashi, hoton takardar shago, duk babu!

Bafulatani: Har da turmi shida?

Bakano: Har da su!

Bafulatani: Allah mai iko. Malam, Allah ya ƙara ilimi. Dama ni turmi biyu nake tunawa.

(Yaro ya shigo da leda.)

Yaro: Baba, wa ya rasu?

Bakano: Arzikina. Wannan Bazazzagen ya ce D ninki ce.

Yaro: A tasa ninki ce. A Windows, in kana cikin folda, Ctrl da D sharewa take yi, ta jefa komai a kwandon shara. In kuma kana burauza, wato manhajar shiga intanet, ita ce dai ke adana maka shafi.

Bakano: Maɓalli ɗaya, fuska uku? Ai wannan ɗan siyasa ne. Kuma ko ta tambaye ni!

Yaro: Tun Windows 8 ta daina tambaya, sai in kai ka saita ta.

Bazazzage: Ka gani? Laifin kamfanin su ne.

Bakano: Rufe min baki. Hasken fa?

Yaro: F2 ɗin wannan laftof aiki biyu ne a kanta. Ita kaɗai rage haske take yi. Sauya suna sai ka haɗa ta da Fn. Matsa kaɗan, Baba. (Ya danna Ctrl da Z. Fayil-fayil suka dawo reras.)

Bakano: Alhamdulillahi! Yau naman da ke cikin ledar nan naka ne. Guda ɗaya.

Yaro: Sa'a kuka ci da bai ce ku riƙe Shift ku danna Delete ba. Wannan ba ta bi ta kwando, kuma Ctrl da Z ba ta dawo da ita.

Bafulatani: (Ya matso da benci.) Samari, wanne ne Shif ɗin nan?

Bakano: Me za ka yi da shi?

Bafulatani: Neman ilimi kawai. Alhaji, ba ka ji an kira azahar ba? Je ka abinka, ni zan tsare maka shago.