Ranar da na koya wa yara sittin kumfar iska

Lokacin koyon aikin koyarwa ne, ranar da mai duba mu zai zo ya ba ni maki. Darasin ƙwayar halitta, yara kusan sittin, madubin ƙara girma ɗaya tak mai aiki. Albasa kuwa ta Baba mai kula da ɗakin gwaji ce, 'yar Aliero, na ɗauko a teburinsa ban tambaya ba.

Na ɓare tantanin cikinta, na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga aidin, ruwan da ke rina shi don a gani sosai. Ka'ida ita ce a jingina siririn gilashin rufi a karkace, a sauke shi a hankali don kada iska ta maƙale. Ni da ke rawar kai sai na sake shi daga sama. Ina leƙawa, sai ga wani abu zagayayye, ƙato, mai baƙin zobe, tsakiyarsa na sheƙi. Na ce Alhamdulillah, ga nukiliyas, cibiyar ƙwayar halitta! Na gyara tsayuwa, na ba su labarin Robert Hooke da ya leƙa ɓawon itace a 1665 ya ga wasu ƙananan ɗakuna, wato ƙwayoyin halitta. Na ƙara da cewa sai a 1831 Robert Brown ya raɗa wa cibiyar suna. Yara suka yi layi, kowa ya leƙa ya zana ƙwallo a littafinsa. Mai duba mu yana baya yana rubutu.

Shi kuwa Baba, kun san irinsu. Tun ranar da na wuce shi ban gaishe shi ba yake jiran wannan rana. Mutumin da ko ashana za ka karɓa sai ka sa hannu a littafi. Yana jingine da ƙofa, ya gama ganin rabin albasarsa a teburina, bai ce uffan ba har yaro na ƙarshe ya zana. Sannan ya taho yana jan silifas.

"Malam, in ɗan gani?"

"Bismillah, Baba."

Ya leƙa. Ya zaro biro daga aljihu, ya ɗan danna gilashin da bakin biron, ya ja da baya. "Malam, sake dubawa."

Cibiyata ta rabu biyu, ɗaya ma ta kama hanyar gefe. Maimakon in yi shiru, wallahi sai na ji bakina yana cewa, "Yauwa, wannan shi ne rabuwar ƙwayar halitta." Wata yarinya a gaba ta ce, "Malam, haihuwa ta yi?" Aji ya fashe.

Baba bai yi dariya ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Ya murɗa madubin zuwa ninki 400, ya nuna min ɗakuna jere kamar bulon gini, kowanne da ɗan ɗigo da aidin ya rina, wato cibiyar ta gaskiya. Ashe suna nan tun ɗazu, kumfa ce ta ɗauke min hankali.

Maki dai na samu, kada ku tambayi nawa. Baba har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya tuna min ban biya shi albasarsa ba.