Bakano da Bishiyar Ceri a Yakima

(A bayan gidan Alhaji Bakano da ke Yakima, a jihar Washinton ta Amurka, cikin watan Janairu. Malam Bazazzagi, mai karatun aikin gona, ya tarar da wata 'yar bishiyar ceri, mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, lulluɓe da bargo, ga na'urar ɗumama ɗaki a gindinta.)

Bazazzagi: Alhaji, wace ce ba ta da lafiya har aka lulluɓe ta haka?

Bakano: Farar cerin da na dasa ce, Malam. Tun da sanyi ya shigo ta zubar da ganyenta duka, ni kuwa ba zan zuba ido jarina ya mutu ba, domin na ga yadda ake tsawwala kuɗin 'ya'yanta a kasuwa fiye da na ja.

Bazazzagi: Ai barci take yi, kai kuma ka tsaya a kanta kana tashinta. Wannan irin, da ake kira Rainier, yana bukatar kimanin sa'o'i 700 na sanyin da bai haura digiri 7 ba, in ba haka ba furen kirki ba zai fito ba. Shi ya sa ko hunturun Kano bai ishe ta ba.

Bakano: Wato kuɗin wutar da na yi wata biyu ina biya, na hana kaina riba na biya?

Bazazzagi: Haka yake. Ina kuma mijinta?

Bakano: Ku Zage-zagi ba ku rabo da neman magana. Bishiya ce za a yi wa miji?

Bazazzagi: Ita kanta 'yar aure ce, domin a 1952 wani masani mai suna Harold Fogle, a makarantar da yanzu ake kira Jami'ar Jihar Washinton, ya haɗa irin Bing da irin Van aka same ta. Ba ta ɗaukar ciki da garin furenta, sai ƙudan zuma sun kawo mata na wani irin daban.

Bakano: To, sai in binne ƙwallayen da na tsotse bara, in huta da sayen dashe.

Bazazzagi: Abin da zai tsiro ba zai gaji uwarsa ba, kuma za ka daɗe kana jira. Ko da ta haihu a ƙarshen Yuni, sai ka rufe ta da raga, saboda tsuntsaye kan cinye har kashi ɗaya bisa uku.

Bakano: Ɗaya bisa uku! Zakkar noman rani ma ɗaya bisa ashirin ce, su waɗannan da izinin wa suke karɓa? Kuma da na ga hotonta, rawaya ce mai ratsin ja a kumatu, ban ga farin ba.

Bazazzagi: Kai da kake sayar da shadda mai ruwan madara da sunan fara, kada ka tayar da wannan zance.

Bakano: Na bar shi. Amma maƙwabcina na bayan katanga yana da Bing guda biyu. Za su yi?

Bazazzagi: Za su yi, tunda tare suke fure, kuma ƙudan zuma ba su san katanga ba.

Bakano: To, rage murya, Malam, kada ya ji ya ce sai na biya sadaki. Kama mini bargon nan mu naɗe, akwai wanda ya taya shi jiya.