Ranar da kanel ya ƙi shiga gidan mutane

Kawuna yana da rijiyar burtsatse a gidansa da tanki a saman ƙarfe, kuma matsalar gidan guda ɗaya ce: kowa ya iya kunna injin, ba wanda ya iya tuna kashewa. Ni kuwa tun da na gama makaranta dangi suke kirana Injiniya, suna faɗa suna murmushi, don har lokacin ba wanda ya ga abin da na ƙera, in ban da canza batirin rimot. Na ce to, ga dama ta samu.

Na ɗauko wani ɗan allon kwamfuta da bai kai tafin hannu ba, BeagleBone Black, mai ƙwaƙwalwar ARM Cortex-A8 da ma'adana megabayit 512. Tsarin mai sauƙi ne. Da an kawo wuta allon ya tashi, direba, wato ɗan shirin da ke sarrafa na'ura daga cikin kanel, zuciyar Linux ɗin da ke tafiyar da allon, ya kunna injin. Wata 'yar manhaja kuma tana gadin tanki, in ya cika ta aika wa direba kalma ɗaya: kashe. Direban wani abokina ne ya ba ni, har da rantsuwa cewa ya daɗe yana masa aiki a kan kanel 3.8, wanda allon ya fito da shi a 2013. Ni kuma don burga na ɗora sabon Linux. Na gwada kunnawa a ɗakina, 'yar fitila ta kama. Kashewa kuwa ai ba abin gwadawa ba ne, yaro ma ya iya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu ya tara maƙwabta su zo su ga fasahar ɗan ƙanwarsa. Inji ya tashi da kansa, aka yi ta masha Allah. Tanki ya cika. Na ɗaga hannu na ce, "Yanzu ku saurara." Muka saurara. Abin da muka ji shi ne ruwa yana kwararowa daga sama, sai kan shanyar kuɓewa da tattasai da Hajiya ta baza a tabarmi tun safe. Akuya ta tsinke igiya. Wani dattijo ya tattare babbar riga ya ce yana da baƙi a gida.

Maimakon in ruga wajen makunni, sai na ruga wajen laftof, don kowa da inda hankalinsa yake. Kawu ne ya sa sandarsa ya sauke makunnin. Ni ina durƙushe cikin laka ina karanta saƙon da kanel ya bari, wanda masu Linux suke kira Oops: "Unhandled fault: page domain fault", ga adireshi mai farawa da 0xbe. Kanel ya kashe manhajar gadin nan take, ya bar injin yana ta aikinsa.

"Injiniya," in ji Kawu, "wa ya jiƙa mini gida?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, kanel ne ya ƙi karɓar saƙo."

Ya jawo kujera ya ce in yi masa bayani, tunda dai kuɓewa ta riga ta tafi. Na ce a irin wannan ƙwaƙwalwa mai bit 32 adireshin ma'adana da ake da shi gigabayit 4 ne, kuma bisa al'ada ana ba manhajoji 3 na ƙasa, kanel ya riƙe na sama, daga 0xC0000000. Manhaja ba ta isa ta leƙa wajen kanel ba, akwai wani sashe mai suna MMU da ke tsare iyakar. Kalmar "kashe" tana ɓangaren manhaja, abin da ta miƙa wa direba adireshin inda kalmar take ne kawai. Direban abokina sai ya miƙa hannu da memcpy, umarnin kwafe na yau da kullum, ya ɗauko kai tsaye. A tsohon kanel hakan yakan wuce lafiya, muddin adireshin na kirki ne. Amma a 2015 Russell King, mai kula da ɓangaren ARM, ya kawo wani tsari da ya shiga Linux 4.3: da zarar an shiga kanel sai a kulle ɓangaren manhaja, shi kansa kanel ɗin ba zai taɓa ba sai ta hanyar da aka ware.

Kawu ya ce, "Ba shi ne babba ba?"

Na ce shi ne. Ya ce, "To ai daidai ne. Mai unguwa ma in ya zo nan, a zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aiki yaro ciki ya ɗauko abin da yake nema. Don yana da rawani sai ya faɗa wa matan mutane? Waye yaron aiken?"

Yaron aiken shi ne copy_from_user. Kafin ya motsa yakan duba ko adireshin da aka ba shi na ɓangaren manhaja ne da gaske, don mugun mai manhaja yana iya miƙo adireshin kanel ya sa a kwaso masa sirri ko a yi ɓarna. Sannan ya buɗe ƙofar na ɗan lokaci, ya kwafo, ya rufe. In adireshin na banza ne ba a mutuwa, kanel yana da jadawalin wuraren da ya san ana iya tuntuɓe, sai a dawo wa manhaja da EFAULT, kuskure mai lamba 14, kowa ya ci gaba da harkarsa. Kawu ya gyaɗa kai ya ce wannan kanel ya fi abokina tarbiyya. Bai ambace ni ba, amma ni yake kallo.

A daren na cire memcpy na sa copy_from_user, na kuma gyara tsari yadda injin ba zai tashi ba sai manhaja ta ce kunna. Sai dai wannan yaron aike yana da wata ɗabi'a: ba ya faɗin abin da ya kawo, adadin abin da ya kasa kawowa yake faɗa. In ya ce sifili, komai ya iso ke nan. Ni kuwa da ƙarfe biyu na dare na ɗauki sifili a matsayin ya dawo hannu rabbana, na rubuta cewa duk lokacin da ya ce sifili a kori saƙon. Saboda haka duk umarnin da ya iso lafiya, direba ya mayar da shi da lamba 14. Na yi barci da murmushi.

Washegari da hantsi Hajiya ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye, irin sanyin da ya fi faɗa. Ta ce tana taya ni murna, yau ko ɗigo bai zuba ba, don babu ko ɗigo a tankin. Ta ce ta kira ɗan garuwa ya kawo kura guda, kuma ta gaya masa Injiniya ne zai biya, ta ma kwatanta masa gidanmu. Kuɗin kuɓewa da tattasai kuma ta ce ba gaggawa, ta rubuta a bango.

Ina cikin cewa alamar motsin rai guda ɗaya, wadda ta juya ma'anar, ita ce kawai zan goge a layin, na ji sallama a ƙofa da ƙarar jarkoki.