Koke sai da takarda, ba a bakin mota ba

Labarin cewa tsofaffin ma'aikata na dafifi a ƙofar 'yan majalisa kan fanshonsu gaskiya ne, amma yawancinsu ta baki suke kai kuka, shi ya sa yake bin iska. Ka fara tantance wa ke riƙe da matsalarka. Matsalar fili a Rigasa ko Kawo ta KADGIS ce, hukumar filaye ta jihar Kaduna, sai ka nufi ɗan majalisar jiha da ke Lugard Hall, mazaunin majalisar dokokin jihar. Gyaran NIN ko fanshon PTAD (hukumar da ke biyan 'yan fanshon tsohon tsari) kuwa na tarayya ne, sai ɗan majalisar wakilai ko sanata.

Rubuta koken a shafi ɗaya: sunanka, lambar fayil, ranar da ka fara kai ƙorafi hukumar, da abin da kake so a yi maka. Haɗa kwafin takardu, kada ka saki na asali. A buga maka hatimin karɓa a ofishin mazaɓa. Ɗan majalisar zai gabatar da koken a zaure, a miƙa wa kwamitin koke-koke, kuma sashe na 128 da 129 na kundin tsarin mulki na 1999 sun ba majalisar jiha ikon gayyato shugaban hukuma.

Inda ake yin asara: maganar da ke gaban kotu kwamiti ba ya taɓa ta, sannan matsayar majalisa ba hukuncin alƙali ba ce, dole a ci gaba da bibiya.