NBA da cinikin biri a sama

Jami'ar Rutgers ta Amurka ta buga wasan ƙwallon kwando 32 a kakar 2024/25, ta ci 15, aka doke ta a 17, ko ƙofar gasar NCAA, wato gasar cin kofin jami'o'in ƙasar, ba ta leƙa ba. Amma da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a Yunin 2025, yaranta biyu, Dylan Harper da Ace Bailey, su aka ɗauka na 2 da na 5. Walter Clayton Jr., wanda ya ɗauko wa jami'ar Florida kofin NCAA ɗin, sai a lamba ta 18 aka tuna da shi. Johni Broome da ya kai jami'ar Auburn wasan kusa da na ƙarshe kuwa, ya yi ta jira har lamba ta 35.

Ban ce Harper bai iya ƙwallo ba, ya iya. Abin da ke ba ni haushi shi ne ma'aunin. A tara yara a Chicago, a auna tsawon hannu, a auna tsalle, sai a ce wannan "zai zama wani abu". Wanda ya shekara huɗu yana cin wasa a gaban jama'a kuwa, laifinsa ya kai shekara 22. Kuma da yake bidiyonsa ya yi yawa, an samu damar zaƙulo kowane aibinsa, shi kuwa ɗan shekara 19 ba a gan shi sosai ba balle a kushe shi.

Ai an ga irin wannan cinikin biri a sama a 2020. Ƙungiyar Golden State ta ɗauki James Wiseman na 2 bayan ya buga wa jami'ar Memphis wasa uku kacal, uku! A 2023 ta tura shi Detroit. Tyrese Haliburton, da ake yi wa dariyar yadda yake jefa ƙwallo, na 12 aka ɗauke shi, shi ne ya kai Indiana wasan ƙarshe na NBA a 2025. Wa ya fitar kafin ya kai can? Knicks ta Jalen Brunson, mai kofin jami'a biyu a Villanova, wanda aka raina wa tsawo aka bar shi har lamba ta 33 a 2018.

Za a ce to Giannis Antetokounmpo fa, da aka ɗauka yana ƙaramin yaro kuma ya zama babban tauraro? Na 15 aka ɗauke shi, caca ce mai arha da ta ci, ba ita ce hujjar zubar da lamba ta 2 ba.

Ni dai a ganina manajojin nan kujerarsu suke karewa. Idan ka ɗauki ƙaramin yaro, ka sayi shekara uku na "a yi haƙuri, yana tasowa". Idan ka ɗauki wanda ya nuna, tun watan Disamba mai ƙungiya zai san ko ka iya aikinka. Masu ƙungiyoyi su daina karɓar wannan uzurin, su riƙa tambayar manaja wasa nawa yaron ya ci kafin a kawo musu awon hannunsa.