Wasan da aka yi gaban mutum 400,000, ta ya za a ce sirri ne?

Daga 15 zuwa 18 ga watan Agustan 1969 aka yi bikin kiɗe-kiɗen nan da ake kira Woodstock, a gonar shanun madara ta wani manomi Max Yasgur da ke garin Bethel a jihar New York ta Amurka. Mutum wajen 400,000 ne suka yi cincirindo, ruwan sama ya mai da wajen kamar fadama, hanyoyi suka toshe har sai da aka koma ɗauko mawaƙa da jirgi mai saukar ungulu. Cikin manyan da aka gayyato akwai wasu samari huɗu 'yan Kalifoniya masu kiɗan rock, sunan ƙungiyarsu Creedence Clearwater Revival, John Fogerty ne jagora kuma mai rera waƙa, sai yayansa Tom Fogerty, da Stu Cook, da Doug Clifford makaɗin ganga. A lokacin fa ba ƙananan mutane bane, a shekarar 1969 kaɗai faifai uku suka saki kuma ko wanne ya ci kasuwa, sune ma babbar ƙungiya ta farko da ta sa hannu cewa za ta zo bikin a kan dala 10,000, kuma ganin sun sa hannun ne ya sa wasu manyan suka yarda abun ba wasan yara bane.

To amma jeka ka kalli fim ɗin bikin da ya fito a 1970, wanda Michael Wadleigh ya bada umarni, sama da awa uku yana tafiya, har kyautar Oscar ya ci, babu Creedence ko na minti ɗaya. Ba wai ba a ɗauke su bane. An ɗauke su sarai, kyamara na kansu, na'urar ɗaukar sauti na aiki. John Fogerty ne ya ce bai yarda a sa su ba.

Dalilinsa kuwa, tsarin bikin ya riga ya wargaje, an yi ta jan lokaci, ga ƙungiyar Grateful Dead da ta riga su hawa dandamali ta sha fama da lantarki saboda jiƙewar wajen, masu jita na taɓa kayansu shokin na jansu, wasa ya yi ta tsayawa yana tashi, suka kuma ja shi da tsayi. Kafin Creedence su hau an wuce ƙarfe 12 na dare. Fogerty ya sha bada labarin cewa da ya leƙa ƙasa sai ya ga mutane kwance jibga-jibga cikin taɓo suna sharar barci, suna ta kiɗa babu mai tafi babu mai ihu, can daga nesa cikin duhu ya hango mutum ɗaya yana kunna laitar taba yana ɗaga murya yana cewa kar ya damu suna tare da shi, shi kuma sai ya ƙarasa wasan don wannan mutum ɗayan. Waƙa 11 suka yi. Da aka zo batun fim ya ce a'a, daren bai yi ba, kuma su da suke saman kasuwa ba sa buƙatar a nuna su gaban taron masu minshari.

Ni dai ra'ayina mutumin nan ya tafka kuskure, kuma kuskuren da mawaƙa da yawa ke yi ne, amma bari in fara bashi haƙƙinsa tukunna. Waƙar tasa ce, muryar tasa ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya san irin wahalar da Fogerty ya sha a kan mallakar waƙoƙinsa ba zai yi mamakin ganin yana riƙe abu da hannu bibbiyu ba, wannan fa mutum ne da kamfanin da ya mallaki tsofaffin waƙoƙinsa, Fantasy, ya maka shi kotu wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da tsohuwar waƙarsa, wato ya saci kansa da kansa kenan, sai da ya shiga kotu da jita a 1988 ya kaɗa wa masu yanke hukunci kafin ya yi nasara, kuma sai a 2023 ya samu ya sayi kaso mafi tsoka na haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta tun yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Don haka in mawaƙi ya ce kar a saida hotona sai da izinina, ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Inda muka raba hanya shi ne, mawaƙi shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a tambaya ko wasansa ya yi kyau, musamman a kwana-kwanan da ya sauko daga dandamali. Shi abun da ya gani daban ne. Yana tsaye fitila ta haske masa ido, ya gaji, an ɓata masa rai da jira, yana jin ko wane ɗan kuskure da yatsansa ya yi kamar an buga masa guduma, kuma ma'aunin da yake amfani da shi shi ne ihun jama'a, in babu ihu to a wajensa ba a yi komai ba. Ita kuwa kyamara ba ruwanta da ɓacin ransa, abun da aka kaɗa shi ta ɗauka. Da aka saki sautin wasan gaba ɗayansa a watan Agustan 2019, shekara 50 cif bayan daren, na zauna na saurare shi tun daga farko har ƙarshe, wallahi ban ji wasan da za a ɓoye ba, ganga na tafiya daram, muryar Fogerty na fita kamar za ta tsaga lasifika, kai in ba an gaya maka ba ba za ka taɓa cewa wai gaban masu barci ake yi ba. Shi kansa Stu Cook ya sha faɗa cewa wasan nasu ya yi kuma ya ji takaicin rashin shigarsu fim ɗin. Mutum huɗu ne suka hau dandamali, mutum ɗaya ya yanke hukunci, wannan ma wani zancen ne.

Kuma ga wani abu, a wannan daren dai, a gaban waɗannan mutanen dai da aka ce sun yi barci, ƙungiyar Sly and the Family Stone ta hau wajen ƙarfe uku da rabi na dare, ta yarda aka sa ta a fim, yau in ana zancen Woodstock yankin nasu na cikin wanda ake fara nunawa. 'Yan ƙungiyar Santana kuwa lokacin bikin ko faifansu na farko bai fito ba, kusan ba wanda ya san su a wajen garinsu, amma 'yan mintunan da aka nuna su a fim ɗin da yaron makaɗinsu Michael Shrieve ɗan shekara 20 yana dukan ganga kamar mai aljanu, su suka kai sunansu ko ina a duniya. Gani ya kori ji. Waɗanda suka taso bayan 1970 fim ɗin ne ya zama musu bikin, wanda ke ciki ya je, wanda babu shi kamar bai je ba, shi ya sa shekaru da yawa mutane ke mamaki in aka ce musu ai Creedence sun yi wasa a Woodstock. Ƙungiyar ta watse a 1972 cikin rigima, Tom Fogerty ya rasu a 1990, bai ga ranar da aka fitar da wasan ba.

Wani zai ce to ai wannan an yi sa'a ne wasan ya yi kyau, in kuma da gaske ya lalace fa? Misalin na nan. Ranar 13 ga Yulin 1985 sauran 'yan ƙungiyar kiɗan rock ta Led Zeppelin suka sake haɗuwa a filin wasa na Philadelphia don bikin Live Aid na tara kuɗin agajin yunwar Habasha, makaɗinsu John Bonham ya riga ya rasu tun 1980, aka sa musu makaɗa biyu ciki har da Phil Collins wanda ya yi wasa a Landan ranar ya hau jirgi ya tsallako teku, babu wani atisayen kirki, muryar Robert Plant ta dishe, jitar Jimmy Page ba a saita ta daidai ba, abun dai ya zama abun kunya kuma su da kansu sun yarda. Da aka zo fitar da bikin a faifan DVD a 2004 suka ce kar a sa nasu, suka bada gudummawar kuɗi a madadi. Na fahimce su. Amma me suka ɓoye? An watsa wasan kai tsaye a talabijin duniya na kallo, mutane sun ɗauka a kaset ɗin bidiyo a gidajensu, yau yana yawo a intanet da hoto dishi-dishi da sauti mai ƙara. Abun da hanawar ta jawo kawai shi ne mummunan kwafi ne ya rage a hannun jama'a, mai kyan kuma yana kulle. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Su ma kamfanonin da ke riƙe da waɗannan kaya ba zan wanke su ba, don ba ko da yaushe mawaƙi ne ke hanawa ba. Duba yadda aka yi da na Creedence ɗin, a 1994 da bikin ya cika shekara 25 aka ɗan tsakuro 'yan waƙoƙi, a 2009 da ya cika 40 aka ƙara ɗan yankin hoto a matsayin gyara a sabon faifan fim ɗin, sai 2019 aka saki sautin duka. Ɗigo-ɗigo kamar mai saida manja, ko wane zagayowar shekara a sake tatsar masoyan da suka riga suka tsufa, kaya ɗaya ka saye shi sau uku. Wani lokacin kuma ba kuɗin bane ma, rashin ganin darajar abun ne. A wannan damina ɗin dai ta 1969 an yi wani bikin a unguwar baƙaƙen fata ta Harlem da ke birnin New York, Stevie Wonder ya yi wasa, Nina Simone ta yi, B.B. King ya yi, wani mai ɗaukar hoto Hal Tulchin ya ɗauki kusan awa 40, ya yi ta neman mai saye ya rasa, kaset ɗin suka yi kusan shekara 50 a ajiye a ɗakin ƙasa na gidansa, ya rasu a 2017, sai a 2021 wani makaɗi mai suna Questlove ya haɗa fim ɗin Summer of Soul da su, shi ma ya ci Oscar. Bikin farare ya zama tarihi cikin shekara ɗaya, na baƙaƙe ya jira rabin ƙarni, kuma bambancin kawai wa aka nuna wa duniya.

Abun da ya fi damuna a duk wannan jiran shi ne kayan ba sa jira. Tsohon fim in ya daɗe a wuri mai zafi da laima yana fara warin tsami, ya kanannaɗe ya kakkarye. Tsohon tef ɗin sauti na manne wa jikinsa har sai an gasa shi a hankali cikin ɗan zafi kafin a iya juya shi. A watan Yunin 2008 gobara ta cinye wani sito a harabar Universal Studios a Kalifoniya, faifan asali na mawaƙa masu yawa suka tafi, har yau ana jayayya a kan yawan abun da ya ƙone. BBC ma a shekarun 1960 da 1970 ta yi ta goge kaset ɗin shirye-shiryenta tana sake ɗauka a kansu saboda tsadar kaset. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, Mamman Shata ya rasu a 1999 bayan shekaru barkatai yana waƙa a gidajen biki da fadoji da filaye, ka shiga intanet yau ka ƙirga bidiyonsa nawa ne masu hoto tsaf da za ka iya nuna wa yaro, sannan ka tuna kaset nawa ne ke cikin akwatunan mutane ƙura da zafi na cinsu kowa na cewa nasa ne ba zai bayar ba.

Don haka ni abun da nake gani, haƙƙin hanawa ya tsaya a kan kasuwanci da kuma lokaci. Mawaƙi ya ce kar a saida, to, ya ce a dakata shekara 20 ko 25 har zafin abun ya huce, to, amma tun ranar farko a kai kwafi mai kyau ma'ajiyar tarihi ta ƙasa inda za a kula da shi, kuma in wa'adin ya cika a buɗe wa mai son gani, ko da ba za a saida ba. In ƙungiya ce kuma a ji bakin kowa, ba jagora kaɗai ba, don shi ma makaɗin ganga gumin sa na ciki. Abun da mutum ya rera a ɗakinsa ko ya gwada a situdiyo ya watsar, wannan sirrinsa ne, in ya ga dama ya ƙona. Amma wasan da ka karɓi kuɗi ka hau dandamali ka yi gaban garin mutane, su ma da suka kwana cikin taɓo suna da kaso a ciki.

John Fogerty ya cika shekara 80 a 2025, har yanzu yana hawa dandamali, kuma yanzu da bakinsa yake bada labarin daren yana dariya. Shi kuwa mai laitar nan da ya hana idonsa barci ya yi masa ihu daga cikin duhu, in yana raye shi ma ya tsufa tukuf, sai da ya jira shekara 50 kafin a bashi damar sake jin wasan da aka ce dominsa aka ƙarasa.