Alhaji ko goro ba ya ci

Teburin mai shayi, Agege.

Alhaji: Yaran yanzu sun lalace! Kodin, Tramol, sholisho. Tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin, ba su ji ba.

(Yana faɗa idonsa na kan TikTok. Shayinsa ya huce tun ɗazu.)

Mai kemis: Alhaji, kai ma fa kana da taka ƙwayar.

Alhaji: A'uzubillahi! Ni da ko goro ba na ci?

Mai gyaran waya: Ranka ya daɗe, batiri na uku ke nan ya kumbura. Wayarka tana caji kana latsawa, ka tura ta ƙarƙashin filo, zafi ya dafa shi. Kawo in duba Digital Wellbeing, inda waya ke ƙirga lokacin da ka yi a kanta. Kai! Jiya awa tara.

Alhaji: Wa'azi nake saurare.

Mai gyaran waya: Malamin ne ke rawa da gyale?

Alhaji: Bincike nake, in san abin da zan hana 'ya'yana.

Mai kemis: Gaskiya waya da ƙwaya ba ɗaya ba ne. Mai Tramol in ya daina kwatsam, sai zufa, amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi, dole likita ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Waya ba ta yin haka. Inda suka haɗu shi ne dofamin, sinadarin da ke sa ƙwaƙwalwa cewa "ƙara". A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin cututtuka: ka kasa tsayawa, ka fifita shi kan komai, yana cutar da kai kana ci gaba, har wata 12.

Alhaji: Gem aka ce. Ni ba na gem. Alhamdulillahi!

(An ƙara kuɗin data a 2025, cefanen Hajiya ne ya ji jiki.)

Mai gyaran waya: Maganin sauƙi. A kashe sanarwa, a ɗaure TikTok a awa ɗaya, allo ya koma baƙi da fari, caji a falo ba kan gado ba.

Alhaji: Baƙi da fari? Wayar da na sayo sabuwa a Computer Village? Yaro, canza batiri kawai. Ni duk sa'ad da na ga dama sai in ajiye ta wata guda.

Mai gyaran waya: To, awa biyu aikin zai ci.

Alhaji: Awa biyu?! Dokta, ara mini taka.